Sa Hannun Veronica

Shafi na 23

Na ga saƙonninku. Masu cewa na cika jan rai ku yi haƙuri, wuta ce ba mu samu ba. Ke kuma 'yar'uwa da kika rubuto cewa in sassauta wa Simeon tunda shi ma uba ne, ki karanta na yau tukuna.

*

Veronica tana tsugune bakin rariya tana wankin kayanta na zuwa makarantar da take koyarwa, safiyar Asabar, sai Dada, tsohuwar da Veronica take haya a gidanta, ta leƙo daga zaure.

"Baronika, kin yi baƙo."

"Wane ne, Dada?"

Tsohuwar ta gyara mayafinta.

"Uban ɗiyarki ne."

Rigar da take matsewa ta suɓuce ta koma cikin kumfa. Tun ranar da babbar kotu ta raba aurensu, sama da shekara biyu ke nan, Simeon bai taɓa tako ƙofar gidan nan ba. A coci ma yana wancan ɓangare tana wannan, in an tashi kowa ya bi ƙofarsa. Abin da ya rage tsakaninsu kawai shi ne ƙarar wayarta a ƙarshen wata, in kuɗin da alƙali ya yanka masa sun shigo.

Ta wanke hannu, ta ɗaura ɗankwali. Tana tafiya zauren zuciyarta na gaya mata abu ɗaya. Jiya ce ranar haihuwar Sylvia. Da tana raye da ta cika shekara goma. Ita kaɗai ta je maƙabarta ta cire ciyawar da damina ta tsirar a kan kabarin, ta zauna har rana ta yi zafi. Wataƙila shi ma abin ya hana shi sukuni. Wataƙila ya zo ne ya ce, tashi mu je tare.

Yana zaune kan bencin da Dada ke sayar da ƙuli-ƙuli a kai. Ya rame, furfura ta fito masa a gemu. A cinyarsa akwai ambulan ruwan ƙasa.

"Ina kwana, Baban Sylvia."

"Lafiya lau, Vero. Ya aiki?"

"Da godiya."

Ta tsaya jikin bango. Ya yi gyaran murya, ya juya ambulan ɗin a hannunsa.

"Ba zan ɓata miki lokaci ba. Taimako nake nema."

"Ina ji."

"Kin san yadda rayuwa ta koma. Albashi yana nan inda yake. Kafin ya shigo hannuna an cire haraji, in ya shigo in cire naki, abin da ya saura ko mai ba ya isa in zuba a mota har wata ya ƙare. To Richard, akantan ofishinmu, shi ya ba ni shawara. Ya ce in kai takardar kotu ofishin haraji, in haɗa da shaidar cewa ke ce kike karɓar kuɗin kina amfani da su, wataƙila su duba su rage mini wani abu. Bai ce tabbas ba. Ya ce in gwada."

Ya zaro takarda ya miƙo mata da biro.

"Sa hannu ne kawai. A nan ƙasa."

Ba ta karɓa ba. Ta dube shi, ta dubi takardar.

"Abin da ya kawo ka ke nan?"

"Shi ke nan."

"Na ɗauka ka tuna ne."

"Na tuna me?"

"Jiya."

Ta ga lokacin da abin ya faɗo masa. Hannunsa ya sauka a hankali, ya kawar da kai wajen titi.

"Ban manta ba," ya ce.

Ba ta musa masa ba. Ta ce, "To abin da za a rage maka, wa za a ɗora wa?"

"Ba lallai a ɗora wa kowa ba."

"Ba lallai ba."

"Richard ya ce akwai ƙasashen da ake lissafa irin kuɗin nan cikin abin da matar take samu, ita ta biya. Nan bai san yadda za su ce ba sai an je. Ko an yi hakan ma ba wani abu ne mai yawa ba, Vero. Albashinki na firamare ƙarami ne."

"Na gode da ka tuna ƙarami ne."

"Ba haka nake nufi ba."

"Ba tsoron haraji nake ba, Baban Sylvia. In gwamnati ta ce in biya, zan biya. Amma ba zan sa hannu a kan ƙarya ba."

"Wace ƙarya? Akwai watan da ban turo ba?"

"Babu."

"To?"

"Takardarka ta ce ni nake cin kuɗin. Ni kuwa ko gishiri ban taɓa saya da su ba."

Ya ɗago ya zuba mata ido.

"Ban gane ba."

"Ba ni nake cin su ba."

"Wa kike ba?" Muryarsa ta canza. "Kin samu wani ne? Da gumina kike ciyar da wani ƙato?"

Wata gajeriyar dariya ta kufce mata, marar daɗi. Daga cikin gida Dada ta yi tari, irin tarin nan na sanar da mutum cewa ana jin sa.

"Motarka tana waje?"

"Tana waje."

"Bari in ɗauko jakata. Zan kai ka inda kuɗinka suke zuwa. In ka gani da idonka ka ce in sa hannu, zan sa."

Da ta shiga ɗaki Dada ta biyo ta, ta tsaya bakin ƙofa.

"Can za ki kai shi?"

"Can, Dada."

"Kin tabbata zuciyarki za ta ɗauka?"

"Ta ɗauki wanda ya fi wannan."

Tsohuwar ta ƙulla ƙuli-ƙuli a leda ta tura mata cikin jaka. "Ki kai ma yaran Hussaina. Ku dawo da rana, kin san hanyar nan ba a yin yamma a cikinta."

*

Ta zauna a baya. Bai ce ta dawo gaba ba.

"Ina muka nufa?"

"Ka ɗauki hanyar Kurfi."

Kafin su fita gari sai da suka bi ta kwanar da ke gaban kasuwa. Veronica ta runtse ido. Ko a Keke Napep take, in an zo wurin nan runtse ido take yi.

A nan ne tifar yashi ta kwashe su Sylvia.

Ranar Veronica tana taron zumuntar mata a coci. Yarjejeniyarsu ita ce duk ranar taro Simeon ne zai ɗauko Sylvia daga makaranta a mota. Amma da aka kira ta asibiti, abin da ta tarar shi ne an kwaso 'yarta daga bayan babur. Babur ɗin Sabitu, ɗan acaɓan da ya saba kai ita Veronica kasuwa, mutumin Wurma. Yarinyar ba ta kai la'asar ba. Shi kuma Sabitu aka yanke masa ƙafar dama daga gwiwa.

Simeon ya ce shi ya je makaranta ya tarar an riga an ɗauke ta. Ya ce ɗan acaɓan wa? Na Veronica. Wa yake da lambarsa? Veronica. Ta rantse ba ta aike shi ba. Ya faɗa gaban fasto, ya faɗa gaban iyayenta da suka zo daga Kafanchan, ya maimaita gaban alƙali: sakacinta ne ya kashe masa 'ya. An tambayi Sabitu a gadon asibiti wa ya aike shi, ya juya fuska bango ya ce ba ya tuna komai.

Matan zumunta ba su ce mata komai ba, amma sun daina ba ta riƙon jariransu. Har akwai lokacin da ita kanta ta fara tambayar kanta, anya ban kira shi na manta ba?

Motar ta fita gari. Gero ya yi kai a gonaki, wasu har sun fara girbi. Sai da suka yi nisa sannan ta ɗago.

"Ka rage gudu," ta ce. "Za ka sauka titi a gaba, hanyar Wurma."

Ta madubi ta ga idonsa. Motar ta yi gaba kaɗan, sai ya taka burki ya sauka gefen hanya, ya kashe ta.

"Wurin wa za mu je a Wurma?"

"Ka sani."

"Vero."

"Ka tada mota."

"Ba zan je gidan mutumin da ya kashe mini 'ya ba."

"Ni ce na kashe ta ai. Haka ka gaya wa alƙali. Ko ka manta?"

Ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Wani Bafulatani ya ratsa gabansu da shanu, sai da na ƙarshe ya wuce sannan ta ci gaba, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Watannin farko ban taɓa kuɗin nan ba. Ina jin ƙarar waya sai in kife ta. Gani nake kamar biyana kake ladan kashe ta. Bara, bayan bikin Ista, na kasa jurewa. Na shiga mota na zo Wurma ni kaɗai, in tambayi Sabitu abu ɗaya: me ya sa ya ɗauki 'yata ba wanda ya aike shi? Na zo ne in zage shi, Baban Sylvia. Na shirya maganganu tun daga gida."

Bai juyo ba.

"Na tarar da shi kan tabarma, dungulmin ƙafar yana ruwa, ƙudaje na bi. Ya sayar da gonar gadonsa, ya sayar da akuyoyin matarsa. Da na tambaye shi ya ƙi magana. Matarsa Hussaina ce ta fito daga madafa ta ce, wallahi yau sai an faɗa."

"Ƙarya suka yi miki. Kuɗi suke so."

"Ban gaya maka abin da ta ce ba tukuna."

Ya kawar da kai wajen taga.

"Ta ce kai ka kira shi ranar. Da bakinka ka ce ya ɗauko ta ya kai gida, kana da uzuri. Ta ce da aka yanke masa ƙafa ka same shi a asibiti, ka durƙusa gaban gadonsa, tana tsaye bayan labule tana ji. Ka ce in matata ta san ni na kira ka, aurena ya mutu. Ka rufa mini asiri, ni kuma maganinka da abincin gidanka suna wuyana har in mutu."

Ta ɗan matso gaba.

"Ya rufa maka. Sau ɗaya ka aika masa da kuɗi. Daga nan ka canza layi."

"Vero, ba ki san halin da nake ciki ba a lokacin."

"Na sani. Ni ma 'yata ce."

"Na ji tsoro ne. Da na buɗe baki na faɗi maganar farko, sai na kasa janyewa. Kullum sai in ce gobe zan gyara."

"Ka ce ka ji tsoro kada auren ya mutu. Sannan ka kashe shi da hannunka, ka ɗora mini gawar."

Ya kifa goshi a kan sitiyari. Ta ɗauka in ranar nan ta zo za ta ji sanyi a ranta. Ba ta ji ba. Abin da ta ji kawai gajiya ce, da kewar wata ƙaramar murya da take cika mata kunne da surutu in suna wanke-wanke.

"Me ya sa ba ki faɗa ba?" ya ce, kansa a kife. "Tun bara. Me ya sa ba ki je wurin fasto ba?"

"In faɗa Sylvia ta dawo?"

Ta kalli bayan kansa, ta ci gaba.

"Kuma in na tona ka, aka kore ka ko ka bar gari, wa zai turo? Alƙawarin da ka yi wa bawan Allah nan, ni nake cika maka shi da kuɗinka. Duk wata. Da su aka sake yi masa aiki a ƙafar. Da su suke cin abinci. Shi ya sa na ce ba zan rubuta wa gwamnati cewa ni nake ci ba."

"Mu koma. Na fasa. Ki bar sa hannun."

"A'a. Ka zo har nan. Ka tada mota."

"Ba zan iya kallonsa ba."

"Ni na kalli iyayena ranar da kake gaya musu ni na kashe jikarsu. Ka tada mota, Baban Sylvia."

Ya tada.

*

Gidan Sabitu yana ƙarshen gari, katangar ƙasa ce da damina ta zaizaye gefe ɗaya, an toshe da karan dawa. Hussaina tana sussukar gero a tsakar gida. Tana ganin Veronica ta ajiye taɓarya, fuskarta ta washe.

"Maman Silbiya, ke ce da rana haka? Ai wata bai ƙare ba. Lafiya dai?"

"Lafiya lau, Hussaina. Ba ni kaɗai ba ce."

Hussaina ta leƙa ta zauren. Murmushin ya ɗauke. Ta daɗe tana kallon mutumin da ke tsaye waje da ambulan a hannu, sannan ta juya ta ɗauki taɓaryarta.

"Wanga ba ya shigo mani gida."

Daga ƙarƙashin rumfa wata murya ta ce, "Wane ne, Hussaina?"

"Ba kowa."

"In ba kowa ba ne ki ba shi ruwa."

Sabitu yana zaune kan buhu, ya jingina da turken rumfa, yana tufkar igiya. Sandunansa biyu suna gefe. Da can matashi ne mai jiki, mai yawan wasa, wanda Sylvia take kira Kawu Sabitu tana roƙonsa ya bar ta ta danna hon. Yanzu wuyansa ya yi tsawo, idanunsa sun faɗa.

Veronica ta durƙusa ta gaishe shi, ta ajiye ƙuli-ƙulin Dada.

"Malam Sabitu, na zo maka da baƙo. In ka ce kada ya shigo, ba zai shigo ba."

Ya kalli matarsa, ya kalli Veronica. Ya ajiye igiyar.

"Oga Simeon ne?"

"Shi ne."

"Ya shigo."

Simeon ya shigo kamar mai taka ƙaya. Idonsa ya sauka kan ƙafar wandon da aka naɗe aka ɗaure da tsumma, ya yi sauri ya ɗauke. Hussaina ba ta shimfiɗa masa tabarma ba. Ya tsuguna a ƙasa.

"Sannu, Sabitu."

"Yauwa, Oga. Ka sha hanya."

"Ya jiki?"

"Jiki ya yi sauƙi. Madam tana ƙoƙari da mu, Allah shi saka mata."

Hussaina ta buga taɓarya cikin turmi da ƙarfi.

"Ka gaya mashi mana," ta ce ba ta juyo ba. "Ka gaya mashi sau nawa na tai Dutsin-Ma da goyo ina neman ofishinsu, maigadi yana koro ni. Ka gaya mashi ɗiyarmu ta fari da muka cire daga makaranta."

"Hussaina, ya isa."

"Bai isa ba. Kai ka rufa mashi asiri, shi ya bar ka kana ruɓewa."

"Na ce ya isa."

Hussaina ta share ido da gefen zani.

Sabitu ya juyo wajen Simeon. Babu faɗa a muryarsa.

"Oga, ni ban riƙe ka don ƙafa ba. Ƙafa Allah ya ba ni, shi ya karɓa. Kuma ni nake tuƙi, ni na shiga kwanar nan. Har gobe in na rufe ido ina jin hannun Silbiya a cikina, ta riƙe ni tana cewa Kawu a hankali. Wannan nawa ne, ni zan je da shi gaban Allah."

Veronica ta toshe baki da ɗankwalinta.

"Abin da ya hana ni barci shi ne baiwar Allah nan, Madam. Na yi shiru don kada gidanka ya watse. Ban san shirun nawa za ka ɗauka ka yanka ta da shi ba. Da na ji an raba ku a kotu, an ce ita ta aike ni, kwana na yi ina kuka kamar mace. Ga ta nan, ita na zalunta, ita ke ciyar da ni."

"Ka yafe mini," Simeon ya ce. Da ƙyar maganar ta fito.

"Ba ni za ka roƙa ba."

Simeon ya juyo wajen Veronica a tsugune. Hawaye yana bin gemunsa. Ambulan ɗin ta faɗi ƙasa, iska ta ɗan ja ta zuwa gindin turmi, ba wanda ya ɗauka.

"Vero, ki yafe mini. Gobe Lahadi. Zan tsaya gaban coci in faɗa. Zan kira Baba a Kafanchan in gaya masa. Ni na kira shi. Aiki ne ya riƙe ni a ofis, na ga lokacin tashi ya yi, na ce ya je makaranta ya ɗauko ta. Minti kaɗan ne, na ce me zai faru? Ni ne. Ba ke ba ce."

Ta daɗe tana jiran kalmomin nan. Ba ke ba ce. Ta sha raya su a ranta tana kwance, ta sha jin su a mafarki. Yau ga su sun zo. Ta zauna a ƙasa, ta haɗa kai da gwiwa, ta yi kukan da ba ta yi ba ko a maƙabarta jiya. Hussaina ta saki taɓarya ta zo ta rungume ta ta baya, tana cewa, "Yi haƙuri, Maman Silbiya, yi haƙuri," ita ma tana kuka.

Sai da ta lafa ta ɗago. Ta share fuska.

"Na ji," ta ce. "Yafiya ba yau ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma na ji. Ka faɗa gaban coci kamar yadda ka ce. Kuɗin kuma daga wannan watan ka riƙa kawo musu da kanka. Ni ba na so. Ka je ka gaya wa masu harajin gaskiyar wanda kake ba, su yanke abin da za su yanke."

"Zan yi."

Ta yunƙura za ta tashi, sai ta lura da Sabitu. Yana kallon Simeon, kallon da ba ta taɓa gani a fuskarsa ba. Ya sake ɗaukar igiyar, ya naɗe ta a yatsa har yatsan ya yi fari.

"Malam Sabitu, lafiya?"

"Oga," ya ce a hankali, "haka za ka faɗa a cocin?"

Simeon ya ɗago.

"Yadda ka faɗa yanzu. Aiki ya riƙe ka a ofis. Haka za ka faɗa?"

"Sabitu."

"Na yi shiru sau ɗaya, na ga abin da ya haifar. Na yi ma Allah alkawari ba ni ƙarawa."

"Sabitu, don Allah. Ka bari mu yi magana ni da kai."

Hussaina ta saki Veronica ta miƙe. "Wace magana kuma? Akwai wadda ban sani ba?"

"Ke abin da kika ji bayan labule kika sani. Ni na san sauran." Ya juyo wajen Veronica, idonsa ya ciko. "Madam, ki gafarce ni. Duk zuwan da kike yi ina so in gaya maki, in na ga fuskarki sai in kasa."

Veronica ta zuba masa ido.

"Ka gaya mini me?"

"Ranar nan, ba daga makaranta na ɗauko Silbiya ba."

Ta kalli Simeon. Ya sunkuyar da kai, hannuwansa biyu a ƙasa.

"Shi ya ɗauko ta daga makaranta da motarshi, da wuri. Inda ya kira ni na same su daban ne. Shi ya fito da ita daga cikin gidan, ya ɗora mani ita bisa babur da hannunshi. Tana kuka tana cewa sai ta gaya ma Mama."

"Wane gida?"

Ta juya ga Sabitu.

"Malam Sabitu, gidan wa?"

Sabitu ya saki igiyar. Ya dubi mutumin da ke tsugune a gabansa.

"Oga, kai za ka faɗa, ko ni?"